Karatun Filafili

Gabatarwa

Hausawa na cewa iya ruwa fidda kai. Wanda duk ya lura da wannan karin magana zai ga iyawa aka ambata, ba a ambaci sani ba. Tsakanin sani da iyawa kuwa akwai tazara mai faɗi, wadda sau da yawa malamin makaranta kan manta da ita, domin shi sana'arsa magana ce. Mutum na iya sanin sunan kowane ɓangare na keke, ya bayyana yadda sarƙa ke juya ƙafa, amma idan aka ɗora shi a kai ya ƙare a cikin kwata. Haka nan ana samun tsohuwa mai kaɗi wadda zarenta ba ya tsinkewa, amma in aka ce ta faɗi yadda yatsunta ke murza mazari sai ta yi dariya ta ce haka nan dai ake yi. Wannan rubutu labari ne na wani malamin firamare da ruwa ya koya wa wannan bambanci, tare da bayanin abin da masana suka gano game da yadda ƙwaƙwalwa ke koyon aikin gaɓɓai.

Baƙon Ruwa

Malamin mutumin tudu ne. A garinsu ruwa mafi zurfi da ya sani shi ne kududdufin bayan gari, wanda kan ƙafe kafin tsakiyar rani. Da ya kammala kwalejin ilimi sai aka tura shi wata makaranta a kan tsibiri cikin ƙasar Yawuri, inda Kogin Kwara ke buɗewa ya zama tafki tun bayan da aka gama madatsar Kainji a 1968. A can kwalekwale shi ne jaki, shi ne keke, shi ne kuma motar asibiti. Duk ranar da malamin ke son zuwa kasuwa ko karɓar albashi, sai ya tsaya a gaɓa yana jiran wanda zai fitar da shi, kuma sau da yawa ɗalibansa ne ke yi masa fito. Yakan zauna a tsakiyar jirgi ya riƙe gefe da hannu biyu, jikinsa a sandare, yaran da yake tsawata wa da safe suna tuƙa shi suna hira.

A aji kuwa malamin ba ya wasa. An ba shi aji biyu, kuma babban abin da ya sa a gaba shi ne kyawun rubutu. Yakan tsaya a gaban allo ya yi dogon bayani a kan kowane baƙi: inda ake somawa, inda ake lanƙwasawa, da yadda ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ke karkata. Sa'an nan ya sa yara su cika shafi biyu a zama ɗaya. Wanda rubutunsa ya karkace ya sha bulala, domin a ganinsa an yi bayani, wanda bai yi daidai ba taurin kai ne ko rashin sauraro. Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara tara wanda kusan kullum sai ya sha. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono, b da d ba su da bambanci a wurinsa, kuma da zarar malam ya tsaya a kansa sai hannunsa ya ɗauki rawa, ya danna fensir har ya huda takarda. Amma wannan yaro ne ya fi kowa iya tuƙi a cikin tsararsa, domin jikan wani dattijon Basarke ne da ya yi shekaru yana su a wannan ruwa.

Da kunyar jiran fito ta ishi malamin, sai ya je ya gaida dattijon ya ce, “Baba, so nake a koya mini tuƙi.” Dattijo ya dube shi ya ce, “To, Malam. Gobe bayan la'asar ka zo bakin ruwa.”

Ruwa Ba Ya Karatu

Malamin ya zo da littafi da biro. Ya tambayi yadda ake riƙe filafili, ya rubuta. Ya tambayi zurfin da ake nutsa shi, ya rubuta. Da ya tambayi yadda ake murɗa shi a ƙarshen kowace tuƙa don kada jirgi ya kauce, sai dattijo ya ɗauki filafili ya yi sau biyu ya ce, “Haka nan.” Malam ya ce, “Baba, ta wane gefe kake murɗa wuyan hannu, kuma a daidai wane lokaci?” Dattijo ya yi shiru, ya sake gwadawa a hankali yana kallon hannunsa kamar na wani, sai ma abin ya cije masa. Ya yi dariya ya ce, “Malam, ajiye takardar nan. Ruwa ba ya karatu. Shiga.”

Ya shiga. Duk tuƙar da ya yi ta dama sai goshin kwalekwale ya nufi hagu. Ya koma hagu, goshi ya nufi dama. Haka ya yi ta zagaya wuri ɗaya kamar sa a turke, yara a gaɓa suna ƙunshe dariya. Duk abin da ya rubuta yana cikin kansa, amma hannu bai karɓa ba.

Abin da ya hana dattijon bayani, kuma ya hana bayani amfanar malamin, abu ɗaya ne: ƙwaƙwalwa tana da rumbu fiye da ɗaya. Labarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, aka yi masa tiyata saboda matsananciyar farfaɗiya, aka cire wani sashe daga ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu, har da mafi yawan abin da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sabon labari ba. In ya gaisa da mutum, mutumin ya fita ya dawo, sai ya karɓe shi a matsayin baƙo. Wata masaniya daga Kanada, Brenda Milner, ta ba shi aikin bin zanen tauraro da fensir alhali ba ya ganin hannunsa sai ta cikin madubi, aikin da ke rikita kowa a farko. Kwana uku yana yi, kuskurensa na raguwa, har ya ƙware. Amma kowace safiya ba ya tuna ya taɓa ganin wannan tauraro. Milner ta bayyana sakamakon a 1962, kuma daga nan masana suka fahimci cewa ilimin da ake faɗa da baki da ilimin da ake aikatawa da gaɓɓai ba hanya ɗaya suke bi ba, ba kuma wuri ɗaya ake ajiye su ba. Ke nan littafin malamin ya cika rumbu na farko, na biyun kuwa ko ƙwaya ba ta shiga ba.

Kuskure Shi Ne Malami

Ta yaya ake cika rumbu na biyu? A can ƙeya akwai wani sashe da ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato sarebelam. Nauyinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na dukan ƙwaƙwalwa ba, amma daga cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, kusan biliyan 69 a cikinta suke. Babban aikinta shi ne hasashe da gwadawa. Duk lokacin da ɓawon ƙwaƙwalwa ya aika wa tsoka umarni, sarebelam kan yi kirdadon abin da zai biyo baya. Sa'an nan ido, da fata, da tsokoki, da ma'aunin daidaito da ke cikin kunne su kawo rahoton abin da ya auku a zahiri. In an sami saɓani tsakanin kirdado da zahiri, wannan saɓanin ne ke sa a ɗan gyara umarni na gaba. Akwai kuma wasu curin jijiyoyi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa waɗanda, da taimakon sinadarin dofamin, ke ƙarfafa motsin da ya yi nasara, su riƙa haɗa ƙananan motsi su zama jeri ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce kowace kaucewa da kwalekwalen malamin ya yi darasi ce. Ba don goshin jirgi ya kauce ba, da ƙwaƙwalwarsa ba ta sami abin gyarawa ba. Wanda aka hana shi kuskure, ko aka tsorata shi har ya daina gwadawa, an hana shi abincin koyo. Dattijon bai san sunan sarebelam ba, amma ya san aikinta. Yakan zauna a tsakiyar jirgi ya yi shiru, ya bar malam ya kauce ya dawo, ba ya magana sai nadiran. Abu ɗaya kawai ya ƙi bari ya wuce tun ranar farko, wato riƙon filafili. Sau uku yana tashi ya kama hannun malam ya mayar da shi inda ya dace, yana cewa, “Wannan in ya zauna a karkace, fitar da shi ya fi sa shi wuya.” Gaskiyarsa kuwa, domin gaɓɓai ba sa tantance abin da ake maimaita musu, mai kyau da maras kyau duk ɗauka suke yi.

Tsoro da Kai

A mako na uku dattijo ya kai malamin wani wuri mai yashi inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ya sauka, ya kama jirgi ya fara girgiza shi. Nan take malam ya saki filafili, ya cafke gefe, ya yunƙura zai miƙe, sai ga shi tsamo-tsamo a cikin ruwa. Dattijo ya ce, “Ba ni na kifar da kai ba, Malam, kai ka kifar da kanka. In jirgi ya karkata, saki ƙugunka ya bi shi, kafaɗa ta tsaya a tsakiya. Koma.” Sau biyar yana faɗawa a wannan yammaci.

A nan akwai wani nau'in koyo da ya fi sauran wuya, wato wanda ke buƙatar mutum ya saɓa wa abin da jikinsa ke umartarsa lokacin firgita. Misalin da ya fi shahara a duniya yana can arewa mai nisa, a wurin mutanen Inuwit na tsibirin Girinlan. Su maharba ne a kan teku mai ƙanƙara, kuma jirginsu, wanda ake kira kayak, siriri ne mai cin mutum ɗaya, an lulluɓe shi da fata, an bar rami ɗaya inda matuƙi ke zama. Rigar fatar matuƙin ana ɗaure bakinta a jikin ramin don kada ruwa ya shiga. In igiyar ruwa ko dabbar da ya soka ta kifar da shi, sai ya sami kansa a rataye, kai ƙasa, cikin ruwan da sanyinsa ke kashe ƙarfin gaɓɓai cikin 'yan mintoci. Dabarar da suka ƙirƙiro ita ce mirgina jirgin ya dawo daidai ba tare da sun fita ba. Wani ɗan mishan Bajamushe, David Crantz, a littafinsa na tarihin Girinlan da ya fito a 1765, ya lissafa hanyoyi goma da suke yin haka.

Sirrin mirginawar yana cikin tsarin abin da ke fara fitowa. Matuƙi kan share saman ruwa da filafili don ya sami madogara, ya fizgi jirgin da ƙugu da gwiwa ya juyo, gangar jiki ta biyo, kai kuwa shi ne na ƙarshe. To amma duk wanda ya nutse, abin da jikinsa ke nema shi ne ya ɗago kai ya shaƙi iska. Da zarar ya yi haka, nauyin kai da dannawar ɗaya gwiwar sai su mayar da jirgin ƙasa. Kowane mai koyo an gaya masa wannan, kuma ya yarda, amma in ruwa ya rufe shi sai ya ɗago kan. Shi ya sa masu koyar da wannan dabara ba sa dogara ga bayani. Sukan kai mai koyo ruwa maras zurfi, su tsaya kusa da shi ya riƙe hannunsu, ya koyi fizgar ƙugu ita kaɗai, sa'an nan a ƙara wani yanki, har jiki ya tabbatar cewa iska na nan tafe in an bi tsari. Tsoro yana ɗaure tsokoki, yana kuma mayar da mutum ga tsohuwar ɗabi'arsa. Sai an rage shi sabuwar ɗabi'a ke samun wurin zama.

Tsakanin Girinlan da Yawuri akwai nisan duniya, amma dattijon Basarke ya bi wannan hanya da kansa: ruwa iyakar ƙugu, malami a kusa, faɗuwa ba ta da hukunci. A daren nan, malamin yana shanya rigarsa, ya tuna da hannun yaron nan da ke rawa a kan takarda. Ya tambayi kansa: da a ce duk faɗuwa ɗaya dattijo na zuba masa bulala, da yau ya koyi sakin ƙugu, ko kuwa da ya ƙara sandarewa?

Kaɗan-Kaɗan, Kullum-Kullum

Darasin dattijo ba ya wuce tsakanin la'asar da jan rana. Malamin ya ga kamar ana ja masa rai, don haka wata Asabar ya ari kwalekwale ya wuni yana tuƙi a kusa da gaɓa. Kafin azahar tafinsa ya yi bororo, kafin la'asar tuƙinsa ya fi na safe muni. Ya kwana biyu bai iya riƙe alli sosai ba. Abin da ya ba shi mamaki kuma shi ne, a ranakun da ya yi ɗan kaɗan ya tafi ya kwanta, washegari sai ya tarar abin da ya gagare shi jiya ya yi laushi.

Bincike ya goyi bayan dattijo. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman suka ba da rahoton yadda aka koya wa ma'aikatan gidan waya a Ingila buga keken rubutu. Wasu sun riƙa yin awa ɗaya a rana, wasu awa biyu, wasu har awa huɗu. Masu awa ɗaya su ne suka ƙware cikin mafi ƙarancin awoyin horo, ko da yake su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin, saboda kwanakinsu sun fi yawa. A 2002 kuma Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka koya wa mutane danna jerin lambobi da yatsu, suka tarar saurinsu ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, alhali ba a sami irin wannan ƙari ba bayan awoyi daidai da haka a farke.

Dalili shi ne koyon aikin gaɓɓai gini ne a cikin tsokar ƙwaƙwalwa, gini kuwa yana son lokaci. Mahaɗan jijiyoyin da ake yawan amfani da su sukan ƙara ƙarfi. Akwai kuma wani farin kitse mai suna mayelin da ke naɗe jijiya kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki, yana sa saƙo ya yi sauri. A 2014 masu bincike a Landan suka nuna cewa ɓerayen da aka hana jikinsu yin sababbin ƙwayoyin da ke samar da mayelin sun kasa ƙwarewa a gudu kan wata ƙafar juyi mai matakai marasa tsari. Tun a 2004 ma, a garin Regensburg na Jamus, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manyan mutane kafin da bayan sun yi wata uku suna koyon wasan cafe ƙwallo uku, aka ga sassan da ke lura da motsin abubuwa sun ƙara kauri. Da suka daina na wata uku, kaurin ya ragu. Wannan albishir ne ga wanda ya fara koyo da girma, gargaɗi ne kuma ga wanda ya koya ya ajiye. Yau da gobe, in ji Bahaushe, shi ya sa allura ginin rijiya.

Dubi Giginya

Da tuƙin malam ya fara miƙewa, sai dattijo ya shiga sauya masa yanayi. Yau a bi ruwa, gobe a yi gaba da shi. Yau jirgi wayam, gobe da buhun gero a ciki. Wata rana da safe ruwa kwance, wata rana da yamma iska na kaɗawa. Wani masanin Rasha, Nikolai Bernstein, ya ɗauki hoton motsin masu aiki da guduma a Mosko cikin shekarun 1920, ya gano cewa gwani ba ya maimaita motsin hannu iri ɗaya sak, amma guduma na sauka inda ake so. Wato abin da gwani ya mallaka shi ne iya warware matsala ɗaya a yanayi dabam-dabam. Duk wanda ya zauna a maƙera ya kalli yadda ake dukan ƙarfe zai gaskata haka.

Wata rana dattijo ya lura malam na tuƙi idonsa a kan hannunsa, yana ƙirga murɗawa. Ya ce, “Malam, hannunka ba zai gudu ba. Ga giginya can a tsallake, ita za ka duba. Sa goshin jirgi a kanta.” Da ya ɗaga ido, sai jirgi ya miƙe. A 1998 Gabriele Wulf da abokan aikinta suka gwada irin wannan da masu koyon tsayuwa a kan katako mai lilo: waɗanda aka ce su mai da hankali ga alamar da ke jikin katakon sun fi waɗanda aka ce su lura da ƙafafunsu riƙe abin da suka koya. Sa ido a kan gaɓa yakan sa tunani ya tsoma baki cikin aikin da ba nasa ba.

Tun a 1967 Paul Fitts da Michael Posner suka kasa wannan tafiya mataki uku. A na farko mai koyo yana tunanin kowane motsi, kuskurensa manya ne, kuma yana buƙatar nuni da gajeren bayani. A na biyu motsi ya fara haɗuwa, yana gane kuskurensa da kansa. A na uku aiki ya zama jiki, har mutum na iya yinsa hankalinsa na wani wuri. Malamin bai san ranar da ya tsallaka ba. Ya dai farga wata rana cewa tun daga tsibiri har gaɓa yana gardamar farashin kifi da wani fasinja, bai tuna da filafili ba ko sau ɗaya.

Ranar Iska

A farkon damina, wata ranar kasuwa da maza suka watse, ƙanwar yaron nan ta kamu da zazzaɓi mai zafi har ta fara shiɗewa. Dattijo ma ba ya nan. Yaron ya iya tuƙi, amma ƙarfinsa ba zai ja jirgi gaba da iska ba. Uwar ta aiko a kira malam. Ya zauna a baya, yaro a gaba, uwa da 'yarta a tsakiya. Sun kai rabi sai iskar hadari ta taso, wata igiyar ruwa ta bugi jirgin ta gefe, uwar ta firgita ta jingina ga ɓangaren da ya yi ƙasa, ruwa ya fara kwararowa ciki. Abin da malamin ya iya tunawa daga baya shi ne jirgin ya koma daidai, yaro na kwarfe ruwa da ƙoƙo, shi kuma yana fuskantar da goshi ga igiyar da ke tafe. Sun isa, aka duba yarinyar a asibitin gari, bayan kwana biyu ta warware.

Da dattijo ya dawo ya tambayi yadda aka yi, malam ya ce, “Wallahi Baba, ban san abin da na yi ba.” Yaron ne ya ba da labari: malam ya shimfiɗa filafili a kan ruwa ya danna, ya saki ƙugu, kafaɗarsa ba ta motsa ba. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce, “To, ya shiga jiki.” Sa'an nan ya ƙara da cewa, “Amma ka riƙe wannan, Malam: in ba lalura irin ta yau ba, ranar da hadari ya haɗu haka, gwani ma jira yake yi a gaɓa.”

Komawa Aji

Tun kafin wannan rana malamin ya riga ya rataye bulalarsa a darasin rubutu, ya kuma sauya tsari. Shafi biyu a zama ɗaya ya koma minti goma kowace safiya. Dogon bayani ya koma nuni sau biyu ko uku a kan allo da kalma ɗaya ko biyu. Yara kan fara zana baƙi da yatsa a kan yashi, babba-babba, inda kuskure ke gogewa da tafin hannu, kafin a koma alli, sa'an nan fensir. Riƙon fensir da zaman jiki yakan gyara su tun farko da hannunsa, ba ya bari su zauna a karkace. Maimakon ya ce wa yaro ya lura da yatsunsa, sai ya ce, “Kai shi ya taɓa layin sama.” Maimakon layi goma na baƙi ɗaya, sai ya cakuɗa b da d da ɗ cikin kalmomin da yara suka sani, irin su baba da dawa da ɗaki. Ya kuma daina tsayawa a kan mai rubutu. Yakan ba shi wuri, ya dawo daga baya su duba tare.

Yaron nan bai zama gwanin rubutu ba, kuma har ya bar ajin baƙaƙensa na da ɗan girma fiye da kima. Amma hannunsa ya daina rawa, takardarsa ta daina hujewa, kuma duk wanda ya ɗauki littafinsa zai karanta abin da ke ciki ba tare da tambaya ba.

Kammalawa

Ɗalibin da ke shirin zama malami zai tarar cewa kaso mai yawa na abin da zai koyar aikin gaɓɓai ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba: riƙon fensir, furta sautin da babu shi a harshen yaro, zane, ɗinki, saƙa, aikin gona, wasannin motsa jiki da sarrafa kwamfuta. A duk waɗannan bayani yana da gurbinsa, amma gurbin ƙarami ne, a bakin ƙofa yake tsayawa. Sauran aikin na gwaji ne da kuskure da gyara, kaɗan-kaɗan, a wurin da faɗuwa ba ta jawo duka ko dariya. Haɗarin da ke kan malami shi ne ya daɗe da ƙwarewa har ya manta yadda rashin iyawa yake, sai ya ɗauki jinkirin yaro a matsayin taurin kai. Maganin wannan mantuwa shi ne malami ya riƙa komawa ɗalibi lokaci-lokaci, ya ɗauki wani abin da bai iya ba ya koya a gaban mutane. Malamin tsibirin nan har yau yana ajiye da littafin da ya je da shi bakin ruwa ranar farko. Shafi ɗaya da rabi ne kawai a rubuce, kuma duk abin da ke ciki daidai ne.